Ganuwa Biyu, Ƙofa Huɗu: Yadda Ƙasar Katagum Ta Riƙe Wanda Ya Kauce

A watan Janairun 1824 wasu Turawa biyu 'yan Birtaniya, Kyaftin Kilafaton da Likita Udni, suka sauka a birnin Katagum a kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, Sarki Ɗankauwa ya karɓe su. Udni bai yi nisa ba ajali ya cim masa a Murmur. Kilafaton ya rayu har ya rubuta abin da ya gani: gari mai ganuwa biyu da ƙofa huɗu, mutanensa tsakanin 7,000 da 8,000, ana ciniki da wuri a kasuwarsa, abin da bai gani ba a Barno. A lokacin garin bai kai shekara ashirin da kafuwa ba. Malam Zaki, wanda ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa shi a bakin kogin Jama'are bayan ya ci ƙasashen Shira da Tashena, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu. Waɗanda suka cika sabon birnin ba dangin juna ba ne. Akwai Fulani, da Barebari, da Hausawa fatake, da Shirawa da Tashenawa waɗanda aka ci da yaƙi, da bayi da aka kwaso daga ko'ina. Kuma zaman ba na kwanciyar hankali ba ne: bayan shekara biyu kacal rundunar Shehu Laminu ta Barno ta tilasta wa Ɗankauwa barin garin, sai da Yakubun Bauchi ya kawo ɗauki aka mayar da ita baya a Fake. Tambayar da ta cancanci a yi wa irin wannan wuri ita ce: me ya riƙe mutanensa, kuma ina mutum yake nufa idan zaman ya gagare shi?

Tambayar ba sabuwa ba ce a ilimin zamantakewa. A 1897 wani malami Bafaranshe, Emil Durkaim, ya fitar da littafi a kan mutanen da ke kashe kansu. Kafin shi an fi ɗaukar abin a matsayin taɓin hankali ko baƙin cikin mutum ɗaya. Shi kuwa ya tattara alƙaluman mace-mace na ƙasashen Turai, ya ga kowace al'umma tana da adadinta da ba ya sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara, ya ce ashe dalilin yana cikin zaman jama'a. Ya nuna cewa 'yan Furotestan sun fi 'yan Katolika kashe kansu, gwauraye sun fi magidanta, marasa 'ya'ya sun fi masu 'ya'ya, kuma adadin yakan ragu idan yaƙi ya haɗa kan ƙasa. Daga nan ya fitar da sigogi huɗu. Akwai wanda kaɗaici ya kai shi, domin babu igiyar da ta ɗaure shi da kowa. Akwai wanda jama'arsa ta haɗiye shi har ransa ya zama ba nasa ba, ya sadaukar da shi. Akwai wanda ƙa'idojin rayuwa suka sukurkuce masa, kamar a lokacin karayar arziki ko samun dukiya farat ɗaya, ya rasa iyakar abin da zai yi buri. Na huɗu, wanda ƙa'ida ta matse shi ta toshe masa kowace hanya, Durkaim bai ba shi fili ba, 'yan layuka ya yi masa a ƙasan shafi, ya kawo misalin bawa. Shekara biyu kafin wannan kuma ya riga ya faɗi maganar da ta girgiza mutane: laifi abu ne da babu al'ummar da ta rabu da shi, kuma hukunta mai laifi yana da aikin da yake yi, wato tuna wa sauran jama'a inda iyaka take.

Abin da aka fi ɗauka daga wannan koyarwa, musamman idan ana kwatanta Afirka da Turai, shi ne cewa zumunci mai ƙarfi garkuwa ne, mu kuma muna da shi, don haka muka tsira. Rabin gaskiya ke nan. Tarihin Katagum yana nuna wani abu da ya fi wannan: abin da ya kare mutum ba ƙarfin igiya ɗaya ba ne, yawan igiyoyin ne, tare da sanannun hanyoyin fita waɗanda ke kai shi ga wata jama'ar da za ta karɓe shi. Ganuwar da ba ta da ƙofa kurkuku ce. Inda aka toshe hanyar fita, nan ne ƙarfin jama'a ya zama masifa, kuma sigar nan ta huɗu da Durkaim ya raina ita ce ta fi bayyana wahalar da aka sha a ƙasar nan.

A fara da igiyoyin. Manomin ƙasar Shira ko Cinade ko Gamawa a ƙarni na 19 yana cikin gandun mahaifinsa ko na wansa, yana noma gonar gida da safe, yamma ko ranar da aka ware ya shiga gayaunarsa. Mai gida ne ke ciyar da shi, ya biya masa kuɗin ƙasa, ya yi masa auren fari. Bayan gandu akwai unguwa da mai unguwarta, akwai gayya idan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, akwai sana'ar gado da sarkinta: maƙera, mahauta, wanzamai, masunta a fadamun kogi, marina. Akwai abokin kaciya da abokin ango, akwai uban gida wanda ake yi wa barance ya tsaya wa mutum a gaban alƙali ko hakimi. Mace tana da ƙawa, da 'yar biki wadda abin da ta kai mata ranar suna za a ninka mata ranar nata, da uwar ɗaki, da dangin uwa waɗanda sau da yawa suka fi dangin uba tausasa mata. Abin lura shi ne waɗannan alaƙoƙi ba a hannu ɗaya suke ba. Wanda ya ɓata da mahaifinsa yana da kawu. Wanda uban gidansa ya kore shi yana iya neman wani. Ko tsakanin ƙabilun da suka zubar da jinin juna an samar da mafita: Bafulatani da Babarbare, waɗanda kakanninsu suka gwabza a Gazargamu, abokan wasa ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa a tsakiyar kasuwa a yi dariya a watse. Hujja mafi ƙarfi a kan yadda wannan ƙasa ke haɗiye mutane ita ce harsunan Shiranci da Tashenanci, da Auyakanci na maƙwabta, duk sun mutu, jikokin masu su Hausa suke yi. Asara ce ta wani gefen, amma tana nuna cewa waɗanda aka ci da yaƙi ba su dawwama a bayan ganuwa ba.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda aka yi da waɗanda suka kauce. Tsarin sarautar ƙasar Hausa da na maƙwabtanta bai tsaya kan masu mutunci ba, ya naɗa wa kusan kowane rukuni shugaba. Makafi suna da sarkinsu, kutare da guragu haka, kuma ta hannunsa sadakar fada ke isa gare su, shi ke raba rigimarsu. Matan da suka bar aure suka ƙi komawa gidan iyaye suna ƙarƙashin magajiya, wadda ke da gida sananne da murya a fada. 'Yan bori, duk da malaman jihadi sun la'anci abin da suke yi, ba su ƙare ba, kuma macen da damuwa ta kwantar, aka ce iska ce ta taɓa ta, takan fito daga girka da sababbin 'yan'uwa da matsayin da ba ta da shi a da. Samari masu zafin kai suna da farauta da tauri da dambe, a zamanin yaƙi kuma suna da rundunar sarki. Mai nazarin da ke ganin kowace al'ada tana da aikin da take yi zai ce ga shaida: al'umma ta yi wa fanɗarewa mazauni don kada ta fashe. Sai dai a nan ne ya kamata a ja wa wannan ra'ayi linzami. Cewa abu yana da amfani bai bayyana dalilin samuwarsa ba, kuma bai faɗi wa yake amfana ba. Sarautar magajiya hanyar sa ido ce da karɓar kuɗi, kamar yadda sarkin pawa hanyar tara haraji ne. Fada ba ta zauna ta tsara jinƙai ba, iko take nema. Amma sakamakon bai canza ba: wanda mutanen kirki suka juya wa baya yana da inda ake sanin sunansa, ana tambayar lafiyarsa, ana binne shi idan ya mutu.

Sai hanyoyin fita, waɗanda su ne ginshiƙin wannan magana. Katagum ƙasar iyaka ce. A arewa akwai Haɗeja, a kusa akwai Misau da Jama'are, a gabas akwai Bade da Barno, a yamma Kano. Mutumin da bashi ya yi wa katutu, ko ya ji kunyar da ba zai iya haɗa ido da mutanen garinsu ba, ko hakimi ya matsa masa, tafiyar kwana biyu ko uku ta ishe shi ya shiga ƙasar wani sarki. A lokacin daji yana da yawa, mutane ne ke da ƙaranci, don haka kowane mai gari yana murna da baƙo: a ba shi saura ya share, in ya zauna lafiya a ba shi mata. Ko a shekarun 1850, da Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye ya addabi Katagum da hare-hare, rikicin ya tarwatsa ƙauyuka amma bai hana waɗanda suka watse samun wata inuwar ba, domin sarakunan da ke gaba da juna kowa mutane yake nema. Wanda ba ya son noma yana da fatauci, da zango da fatoma a kowane babban gari. Yaro ko saurayin da gida ya yi wa zafi yana da allo. Ƙasar Katagum tana kan hanyar gabas da masu neman haddar Alƙur'ani suka daɗe suna bi, kuma tsangaya ba ta tambayar gardi abin da ya raba shi da garinsu. Alaramma ya karɓe shi, unguwa ta ciyar da shi, bayan shekaru ya koma ana ce masa malam. Cin rani ma haka yake: rage baki ne a rumbun gida, amma kuma hutu ne daga idon dangi. Gaskiya ne Bahaushe yana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wanda aka ce ya shiga duniya ba yabonsa ake yi ba. Amma zargi daban, toshe hanya daban. Ana zarginsa, ana kuma sauraron dawowarsa.

Sha'anin aure ya fi komai fito da wannan a fili, kuma a nan Durkaim da kansa ya ci karo da abin da ya dame shi. Alƙalumansa sun nuna cewa inda saki ya yawaita a Turai mazan aure sun fi kashe kansu, amma matan aure sauƙi suke samu. Wato ƙa'idar da ke kare namiji ita ce ke shaƙe mace. Ƙasar Hausa an san ta da yawan mutuwar aure, kuma duk wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, ya ga yadda matan zamaninta ke fita wannan aure su shiga wancan ba tare da sun zama abin ƙyama ba. Idan aka bi ra'ayin nan na cewa ƙarfin igiya shi ne komai, ya kamata wannan ya zama bala'i. Bai zama ba, saboda fitar tana da matakai da kowa ya sani. Mace ta yi yaji zuwa gidan iyayenta ko na wanta, miji ya aiko biko, manya su zauna. In abin ya ƙi, akwai saki, akwai hul'i a gaban alƙali ta mayar da sadaki, ta yi idda, ta yi zawarci, masu nema su fito. Ba a taɓa barinta a sarari ba ita ba kowa. Wannan ba ya nufin ba ta cutu ba, musamman wajen rabuwa da 'ya'ya, amma tana da abin yi gobe.

Za a ce duk wannan kewaye-kewaye ne, amsar ɗaya ce: Musulunci ya haramta kashe kai haramci bayyananne, Alƙur'ani ya hana a cikin Suratun Nisa'i, hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani, kuma wanda ya yi imani da ƙaddara yana da abin da zai jingina da shi ranar da komai ya rushe. Wannan hujja tana da nauyi, kuma Durkaim ya yi sakaci da ya ɗauki abin da addini ke koyarwa a matsayin abu na biyu. Mutumin da tun yana ƙarami ake faɗa masa cewa ransa amana ce, kuma bayan wuya sai daɗi, ba daidai yake da wanda bai taɓa jin haka ba. Amma hujjar Durkaim ita ma ba ta faɗi ba: Katolika da Furotestan duk sun haramta abin, adadinsu kuwa ya bambanta. Haramci yana aiki ne idan akwai jama'ar da ke ɗauke da shi. A garuruwan Katagum addini ba a littafi kawai yake ba, yana cikin sahu sau biyar a rana, inda rashin ganin mutum a sallar asuba kwana biyu ya isa a tura yaro ya dubo shi. Yana cikin zaman makoki, da zakkar kono, da da'irar wazifa ta 'yan ɗariƙa. Fikihun Malikiyya ma bai fitar da wanda ya kashe kansa daga Musulunci ba: ana yi masa wanka da salla a binne shi cikin Musulmi, ko da manyan malamai sun janye jiki don tsoratarwa. Hukuncin ya ja iyaka, amma bai jefar da iyalan mamacin ba.

Wani zai zo ta wata fuskar ya ce: a masarautar da ba a rubuta mace-mace, da me za a auna? Ai iyali kan rufa asiri, a ce ajali ne ya zo. Masu sukar Durkaim, irin su Jack Douglas a 1967, sun nuna cewa ko a Turai alƙaluman suna nuna wanda ya iya ɓoyewa ne kamar yadda suke nuna wanda ya mutu, kuma al'umma mai haɗin kai ita ta fi iya ɓoyewa. Binciken da likita Tolani Asuni ya buga a 1962 a kan Yammacin Nijeriya ya samu adadi ƙanƙane ƙwarai, kuma wannan suka ta hau kansa shi ma. Sukar daidai ce, shi ya sa ba a gina maganar nan a kan cewa mutanen Katagum ba sa kashe kansu ba. An gina ta ne a kan abin da ake iya gani: cibiyoyin da suka wanzu, da waɗanda suka samu shiga cikinsu, da waɗanda aka hana.

Waɗanda aka hana su ne suka fi gaskata hujjar. Bawa a rinji yana cikin jama'a dumu-dumu, ana sanin inda yake dare da rana, amma ba shi da kawun da zai gudu wurinsa, kuma in ya tsallaka iyaka kamo shi za a yi ko wani ya mallake shi. Akwai murgu, akwai fansar kai, akwai 'yantarwa don neman lada, kuma cucanawa sukan narke cikin gidan iyayen gijinsu. Amma sabon kamu da kuyangar da aka yi ƙwarƙwara da ita ba su da zaɓi. Shaida a kan yadda suka ji zaman ita ce abin da suka yi da ƙofa ta buɗe: bayan sanarwar Gwamna Lugga ta 1901, wadda ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, da cin ƙasar da ya biyo baya, dubban bayi a faɗin Arewa suka kama hanya, har Turawan da kansu suka tsorata suka shiga rage gudun abin, ba a haramta bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Bayan bawa, ta biyu ita ce budurwar da aka yi wa auren dole. Bazawara tana da bakin magana, amma yarinyar da uba ya yi amfani da ikon tilasta ta a auren fari, in ta gudu gida a mayar da ita, in ta gudu wurin gwaggo a mayar da ita, duk igiyoyin nan masu yawa sun koma hannu ɗaya suna ja wuri ɗaya. Ba banza ba ne labaran baka da littattafan soyayya na Hausa suka cika da yarinyar da ke barazanar hallaka kanta a daren kai amarya. A nan ba kaɗaici ne matsalar ba, yawan masu riƙo ne.

Zuwan Turawa ya nuna hanyoyi uku a tsakanin maƙwabta uku. Bayan faɗuwar Kano a 1903 Sarkin Katagum Abdulƙadir ya sallama. Sarkin Misau Ahmadu ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas, tafiyar da talakawa masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka shiga, ta ƙare da yaƙin Burmi a Yulin 1903, ragowar suka dangana da Sudan. Sarkin Haɗeja Muhammadu ya tsaya ya yi yaƙi a 1906, aka kashe shi. Ko a wannan babbar girgiza, tafiya tana cikin amsoshin da addini da al'ada suka yarda da su. Mulkin da ya biyo baya ya taɓa tsarin ta fuska biyu masu karo da juna. Ta ɗaya fuskar ya ƙara matsi: an zaunar da hakimai a gundumominsu, an ƙidaya kawuna, haraji da jangali suka koma tsabar kuɗi, kuma tsallaka iyakar masarauta ya daina raba mutum da mai karɓar haraji, tunda Bature ɗaya ne a kowane gefe. Yunwar 1914 ta samu mutane a wannan hali. Ta ɗaya fuskar kuma ya buɗe sababbin hanyoyi: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, saurayi ya samu abin da zai yi aure ba tare da jiran mahaifinsa ba, gandu ya fara sassautawa. A 1916 aka ɗauke gadon sarauta daga tsohon birnin Katagum aka mayar Azare, a 1926 kuma aka cire masarautar daga lardin Kano aka haɗa ta da Bauchi. Azare gari ne na hanya da kasuwa, ya girma da baƙi, kuma har tsakiyar ƙarnin baƙon da ya sauka yana samun mai masauki daga garinsu ko sana'arsu.

Abin da ya sauya daga shekarun 1970 ba mutuwar zumunci ba ce, kamar yadda ake yawan kuka. Har yau ana cika gidan suna da gidan makoki a Azare. Abin da ya lalace shi ne ɗaya bakin hanyar, wato wurin sauka. Fari na 1973 da na 1984 sun karya garkuna da rumbuna, jama'a ta ninka, dajin da ake ba baƙo ya ƙare, gonar gado ta zama 'yar ƙeƙe bayan rabo. Almajirin da a da unguwa ke ciyarwa ya tarar da birnin da ya fi ƙarfin sadakarsa. Masanin nan Paul Lubeck ya danganta tarzomar Maitatsine ta Kano a 1980 da yadda arzikin man fetur ya kashe ƙananan sana'o'in da gardawa ke rayuwa a kansu, ya bar su suna kallon dukiyar da ba za su taɓa ba. Wannan shi ne abin da Ba'amurke Robat Maton ya bayyana tun 1938: idan al'umma ta ɗora wa kowa buri ɗaya ta kuma hana yawancinsu hanyar kai wa gare shi, wasu za su nemi ta bayan gida, wasu su janye daga rayuwar gaba ɗaya, wasu su yi tawaye. Ga kwalejin horon malamai a Azare, ga jami'ar jiha a Gaɗau tun 2011, suna yaye matasa kowace shekara, ga lefe da kayan ɗaki suna hawa. Ɗan cin rani ya koma ɗan acaɓa, Kano ta hana acaɓa a 2013, Legas ta hana a manyan yankunanta a 2022. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a mota ana mayar da kowa jiharsa. Rukunonin da suka rage suna karɓar saurayi ba tambaya su ne irin 'yan sara-suka na Bauchi da majalisar masu shan kodin da taramol. Su ma jama'a ce, suna da shugaba da ƙa'ida da amana. Bambancinsu da 'yan tauri na da shi ne babu fadar da ta san da su, kuma babu ranar da ake sa ran mutum ya fito daga cikinsu da mutunci.

A watannin Oktoba da Nuwamban 2014 bama-bamai suka tashi a Azare, a tashar mota, da bakin wani banki, da kasuwar wayoyi inda wata mace ta yi ƙunar baƙin wake. Da sauri mai karatun Durkaim zai ce ga siga ta biyu, wadda ƙungiya ke haɗiye mutum har ya ba da ransa. Ga wasu mazan da suka shiga Boko Haram da ƙafarsu, bayanin ya yi daidai, kuma yana tabbatar da cewa haɗin kai shi kaɗai ba alheri ba ne: ƙungiyar ta ba su abinci da mata da matsayi, ta kuma yanke hukuncin kisa ga wanda ya nemi fita. Amma yawancin 'yan matan da aka riƙa ɗaura wa bam a waɗannan shekaru sato su aka yi, aka aurar da su da ƙarfi, aka tura su. Wannan ba sadaukarwa ba ce. Halin kuyangar ƙarni na 19 ne ya dawo, kuma waɗanda suka kuɓuta suka koma gida da yawa sun tarar danginsu suna tsoronsu.

Doka ita ma tana da tarihinta a wannan batu. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi a sashe na 231 cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa biyun. Ba daga littattafan fikihu irin su Risala ko Muhtasar aka ɗauko wannan sashe ba. An tsara kundin ne a kan na Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga wanda Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860. Idan aka auna shi da ma'aunin Durkaim, hukunci ne da ke nuna wa jama'a iyaka. Idan aka auna shi da tarihin Katagum, ya ɗauki mutumin da hanyoyi suka riga suka toshe masa ya raba shi da sauran waɗanda za su riƙe shi, ya kuma ba iyalinsa dalilin ɓoye shi maimakon kai shi asibitin tarayya da ke Azare. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba ta soke sashen ba. Gana ta soke nata a 2023. Ingila kuwa, inda abin ya samo tushe, ta daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi tun 1961, shekara ɗaya bayan dokar Arewa ta fara aiki.